Sunan 'Yar Kabiru

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu. Ba a faɗarta a gabana, amma tana isowa kunnena: wai matar Kabiru ce ta hana a sa wa 'yarta sunana. Ke Hadiza na san kin yarda da wannan magana, kai ma Aminu ka yarda, ko da yake kai ba mai yawan surutu ba ne. Na sha niyyar in zaunar da ku in gaya muku yadda abin ya faru, amma duk ranar da kuka taru sai hayaniyar yara ta cika gida, ni kuma in ga bai dace in ɓata muku zaman ba. To yanzu ƙafafuna sun fara ƙin zuwa inda nake so, ban san sauran lokacin da ya rage mini ba. Don haka a wannan rubutu da zan bar muku, zan ajiye labarin koyarwata da na ritayata a gefe, in tsaya a kan shekarar da na je Doha wankan jego.

Kun san ƙaninku Kabiru ya tafi Qatar karatu ne bayan rasuwar mahaifinku, ya gama, ya samu aiki a can, sannan ya bugo waya ya ce ya ga matar aure. Baturiya ce 'yar ƙasar Ireland, tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta. Ban yi murna ba a lokacin, ban kuma hana ba. Sunanta Maura. Ranar da muka fara gaisawa ta waya na tambaye ta ma'anarsa, ta ce ai Maryam ne da bakin mutanensu. Daga ranar na koma kiranta Mairo, ita kuma tana ce mini Inna kamar yadda kuke faɗa. Turancin da na yi shekaru ina koya wa 'yan firamare a Funtuwa shi ya haɗa mu, duk da cewa nata yana da wani irin gudu da sai na kasa kunne sosai.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son takwara. Mahaifiyata ta rasu ta bar jikoki mata da yawa masu sunanta, in an taru sai ka ji wannan Ummi, waccan Mama, wata Hajiya ƙarama, duk don kada a kama sunan tsohuwa gatsal. Ni kuwa jikokina a lokacin duk maza ne. Duk haihuwar da aka yi a gidan Aminu ko gidan Hadiza, sai in yi barka, in ce Allah Ya raya, a cikin raina kuma in ce wataƙila na gaba. Da labari ya zo cewa likita ya duba cikin Mairo ya ga mace ce, baffanku Alhaji Sule, yayan mahaifinku, wanda shi ne ke tsaye a kan gidanmu tun da Malam, mahaifin naku, ya rasu, ya zo har ɗakina ya zauna a bakin ƙofa.

"Hajiya, wannan taki ce," in ji shi. "Na riga na gaya wa Kabiru. Zuwaira za a sa. Matar da ta riƙe marayu ita kaɗai, in ba a yi mata wannan ba me za a yi mata?"

Na sunkuyar da kai na ce Allah Ya sauke ta lafiya. Amma da ya fita sai da na tashi na leƙa madubi, kamar wata yarinya.

Na sauka Doha da jaka cike da gero da kanwa da daddawa da yajin jego. Gidansu yana unguwar Al Sadd, a saman wani dogon bene, ƙasansa shaguna ne da ɗakin shan magani. In ka leƙa ta taga ba ka ganin ƙasa ko bishiya, sai motocin haya da bas suna wucewa. Zafin garin ba irin namu ba ne, yana da danshi, yana manne wa mutum a jiki kamar rigar da ba ta bushe ba. Na tarar da Mairo a kwance, likita ya hana ta yawan motsi. Ta rungume ni, ta yi mini sannu da zuwa da 'yar Hausar da ta koya, amma na ga idonta ba irin na mai jiran haihuwar fari ba ne. Da na tambayi Kabiru a kicin, sai ya rage murya ya ce yayarta ce ta rasu watannin baya, ciwo ya ɗauke ta da sauri. Ita ce ta raine ta tun da mahaifiyarsu ta rasu suna ƙanana. Likita ya ce ba za ta hau jirgi da wannan cikin ba, don haka a waya ta kalli jana'izar, tana kwance a kan gadon nan. Na yi mata ta'aziyya washegari. Ban tambayi sunan mamaciyar ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Allah Ya sauke ta lafiya. Yarinya ta zo da gashi baƙi siɗik da hanci irin na Malam. Muka dawo gida na kama aikin da ya kawo ni. Babu tukunyar ƙasa, babu icen wuta, babu ganyen darbejiya, sai ruwan zafin famfo da bokitin roba, amma na yi abin da zan iya. Mairo ba ta taɓa musa mini ba. Ta sha kunun kanwa tana yamutsa fuska, ta ce yana da daɗi, muka yi dariya domin mun san ƙarya take yi. Kabiru kuwa tuni ya fara yi wa jaririya kirari da Ummi, yana cewa ga Inna ƙarama ta zo.

Ana saura kwana biyu suna, da hantsi, na gama yi wa jaririya wanka na miƙa ta ga uwarta, na tafi zubar da ruwa. Da na dawo ɗaukar tawul sai na tsaya a bakin ƙofa. Mairo ta kifa fuskarta a kan ta yarinyar, tana kiran wani suna a hankali, tana maimaitawa. Ba Ummi ba ne, ba Zuwaira ba ne. Hawayenta na sauka a kan zanen goyo. Da ta ɗaga kai ta gan ni sai ta yi sauri ta share ido, kamar wadda aka kama da laifi.

"Me kike ce mata?" na tambaye ta.

"Ba komai, Inna. Bakina ne ya suɓuce."

"Na ji ai. Sake faɗa in ji da kyau."

Ta ce, "Ashlin."

Na zauna a gefen gado. Ta ce sunan yayarta ne. Ana rubuta shi Aisling, amma Ashlin ake faɗa, domin harshensu na gargajiya yana da nasa tsarin, ba Turanci ba ne. Wannan ma ban sani ba sai ranar. Ni a zatona duk Bature Turanci ne harshen uwarsa. Ta ce a'a, su ma suna da nasu harshe, an daɗe ana danne shi har ya kusa ɓacewa daga bakin mutane, kakarta ta ba ta labarin lokacin da ake jin kunyar yin magana da shi a gaban manya. Kalmar tana nufin mafarki, ko abin da aka nuna wa mutum a barci ko a farke. Da can ba sunan mutum ba ne. Sunan wani irin waƙe ne na mutanen zamanin da, inda mawaƙi zai ce ya ga wata mace ta zo masa, macen nan kuwa ƙasarsu ce, tana kukan halin da take ciki, tana kuma yi masa albishir cewa sauƙi na tafe. Sai daga baya, da mutane suka fara komawa ga harshensu, iyaye suka ɗauki kalmar suna sa wa 'ya'yansu mata. Ta ce lokacin da aka haifi yayarta sunan yana tashe, har in malama ta kira shi a aji sai kai fiye da ɗaya ya juyo. Yanzu ya ɗan ja baya, wasu sunayen sun karɓi wurinsa, amma babu garin da za ka shiga a ƙasarsu ba ka samu mai shi ba.

"Kin gaya wa Kabiru kina so a sa mata?"

"A'a, Inna. Ya gaya mini al'adarku tun kafin mu yi aure, na kuma yarda. Sunanki ne. Na san kin daɗe kina jira."

"Wa ya ce miki ina jira?"

Ta yi ɗan murmushi. "Kin saƙa mata hula tun kafin ki zo, kin sa harafin farko na sunanki a jiki."

Na ɗauki tawul ɗina na fita.

Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na zauna a falo, sanyin na'ura na busa ni, ina ta juya abin. Na tuna sunayen tsofaffin garinmu da na taso na tarar, su Tanko da Kande da Ladi da Auta da Shekarau, waɗanda ba daga littafi aka ɗauko su ba, daga halin da aka haifi mutum ne. Kowane ɗaya labari ne na gidan da ya fito. Na tuna kuma ranar da aka fita da gawar mahaifinku, yadda na tsaya a tsakar gida na ga makarar ta wuce da idona, mata suka riƙe ni, aka yi kwana bakwai gidan bai rabu da mutane ba. Da wannan na samu na haƙura. Yarinyar nan kuwa ba ta samu ko ɗaya ba. Ba ta taɓa hannun 'yar'uwarta ba, ba wanda ya zauna da ita zaman makoki, ga ta a ƙasar da ba tata ba, a cikin dangin da ba su ma san sunan wadda ta rasa ba. Ni ina da rai, ana kiran sunana kullum. Waccan kuwa, in ba a bakin Mairo ba, babu mai kiranta a gidan nan.

Da la'asar Kabiru ya ɗauke ni zuwa kasuwar Abu Hamour sayen kayan miya da 'ya'yan itace na taron suna. Muna cikin mota a hanyar dawowa, ƙamshin lemo da albasa ya cika ta, na ce masa ya samu wuri ya tsaya. Na gaya masa abin da na yanke. Ya daɗe yana kallon sitiyari.

"Inna, ita ce ta roƙe ki?"

"Da ta roƙe ni da wataƙila ban yarda ba."

"Baffa fa? Ya riga ya gaya wa kowa. Kuma mutane za su ce na sa wa 'yata sunan da ba na Musulunci ba."

"Baffanka ni zan yi masa magana. Ɗaya maganar kuma ba ni da iliminta, kai ma ba ka da shi. Kai ni wurin wanda zai raɗa sunan."

Mai raɗa sunan Malam Awudu ne, dattijo mutumin Zangon Kumasi, wanda Hausawan da ke can, na Najeriya da na Gana, suke kira in an yi haihuwa ko rasuwa. Muka same shi a gidansa a unguwar Madinat Khalifa, matarsa ta kawo mana shayi. Hausarsu ta Zango ba ta damu da bambanta mace da namiji ba, sai da na riƙe dariyata da ya ce yarinya ya zo da arziki. Ya saurare ni har na gama. Tambaya biyu kawai ya yi: mece ce ma'anar sunan, kuma ko sunan wani abin bauta ne. Na ce mafarki yake nufi, kuma ba sunan abin bauta ba ne. Ya ce shi dai a iya saninsa abin da ake gudu shi ne suna mai mummunar ma'ana, wannan kuwa bai ga aibinsa ba. Ya ƙara da cewa in muna so a haɗa mata da nawa, ya zama suna biyu, kowa ya samu.

Kabiru ya kalle ni da sauri, na ga ya samu mafita. Ni ma sai da zuciyata ta karkata. Amma na san gidanmu. In aka sa Zuwaira a ciki, ko a gaba ko a baya, babu mai kiran ɗayan. Za ta zama Ummi a bakin kowa, sunan yayar Mairo ya koma abin da ke cikin fasfo kawai. Na ce a'a, guda ɗaya za a sa.

"To khalas, shi ke nan," in ji Malam Awudu. "Hajiya ya gama magana."

Washegari da safe na kira baffanku. Na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na faɗa masa.

"Hajiya, gaya mini gaskiya. Sun matsa miki ne?"

"Wallahi Yaya babu wanda ya matsa mini. Ni na ga ya dace."

"Ni na tsaya a gaban mutane na faɗi magana. Yanzu in koma in ce musu me? In ce jikar ƙanena sunanta abin da ba zan iya faɗa ba?"

"Ka ce musu ni na mayar da kyautar da ka yi mini, kuma na gode."

Ya ce Allah Ya raya, ya kashe waya. Bai gaya wa mutane haka ba. Ina jin kunya ce ta hana shi, ko kuma har cikin ransa bai yarda cewa mace za ta ƙi takwara da kanta ba. Da aka tambaye shi sai ya ce ai ku san halin auren bare. Daga nan maganar ta samo asali, ba daga wani wuri ba.

Ban gaya wa Mairo ba sai da safiyar suna. Maza sun taru a falo, 'yan makaranta da ma'aikata, an kawo naman ragon daga mayanka, mu mata muna ɗaki. Muryar Malam Awudu ta shigo ta ƙofa, ya yi addu'a, sannan ya faɗi sunan, ya ja shi yadda bakinsa ya iya, Ashilin. Mairo tana zaune da yarinya a cinya. Ta kalli ƙofa, ta kalle ni. Ba ta yi kuka nan take ba. Sai ta miƙo mini jaririyar, ta zame daga kan gado ta durƙusa a gabana har ƙasa, irin durƙuson da ban taɓa koya mata ba, ta ɗora kanta a gwiwata. Matan da ke ɗakin suka rasa abin yi, sai wata 'yar Gana ta rangaɗa guɗa.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Baffanku bai ƙara zama a bakin ƙofata ba har ya koma ga Allah. Muna gaisawa a wurin biki da rasuwa, iyakarta ke nan, alhali mutumin nan shi ya tsaya mana lokacin da ba mu da kowa. Wannan yana damuna har yau. Ke Hadiza kin yi shekaru ba ki kiran Mairo sai dai ki amsa in ta kira. Sannan Allah bai ƙara ba ni jika mace ba, daga ita sai maza, ga shi duk kun gama haihuwa. Wani lokaci in na je suna na ji an ce an yi wa wance takwara, nakan ji wani abu ya ɗan soke ni. Ba na musun wannan. Amma ko sau ɗaya ban taɓa cewa da na sani ba.

Kafin in bar Doha mahaifin Mairo ya zo ganin jikarsa. Tsoho ne dogo, masunci, fatar hannunsa kamar ɓawon itace, daga wani ƙauye a bakin teku. Bai taɓa shiga ƙasa mai zafi irin wannan ba, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Da aka miƙa masa yarinyar ya buɗe baki zai kira ta, sunan ya ƙi fita. Mairo ta ce mini tun ranar jana'iza bai ƙara furta shi ba. Ya yi ta jijjiga ta yana kallon bango. Sai can ya faɗa, da wata murya ƙasa-ƙasa, yadda masu sunan suke faɗarsa. Daga nan kuma bai daina ba, yana zagaya falo da ita yana kira. Da yamma ya zo inda nake zaune ina tsince shinkafa, ya tsaya da hularsa a hannu, ya ce in faɗa masa sunana a hankali. Na faɗa. Ya maimaita, ya ɓata, na gyara masa, ya sake. Ban san dalilinsa ba, na ɗauka ladabi ne irin nasu.

Bayan na dawo Funtuwa da kusan shekara, Kabiru ya turo mini hoto a waya. Wani ɗan ƙaramin jirgin kamun kifi ne sabo, shuɗi, an ɗaure shi a bakin ruwa, bayansa duwatsu da ciyawa koriya shar. A gefensa an rubuta ZUWAIRA da farin fenti. Ashe a wurinsu jirgi sunan mace ake sa masa, kuma ba kowace mace ba. Na daɗe ina kallon hoton, na rasa dariya zan yi ko kuka, ni da ban taɓa shiga ko kwalekwale ba.

Tsohon ya rasu shekarun baya. Aisling ta je ƙauyen tare da uwarta a hutun da ya wuce, yanzu ta zama budurwa, ta fi ni tsawo. Ta kira ni daga bakin tekun, iska na kaɗa mata mayafi, ta ce wani maƙwabcinsu ne ya karɓi jirgin, bai canja masa suna ba, kuma har yanzu yana fita da shi kamun kifi.

"Amma Kaka," in ji ta, "duk garin babu wanda ya iya faɗin sunan daidai. Na gaji da gyara musu."

Na ce ta ƙyale su, su faɗa yadda bakinsu ya iya.